Waiwaye: Lauyan da Ba a Ɗauka Ba

Akwai wani faifan gem da har yau yake cikin akwatin takarduna, ƙarƙashin tsofaffin sakamakon jarrabawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ambaci kamfanin da ya yi shi ba, domin a abin da ya faru tsakanina da shi, laifina ya fi yawa. Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Wata huɗu na yi ina tara kuɗin tara, ina zuwa makaranta a ƙasa maimakon hawa bas, kuma a duk tsawon watannin nan babu yammacin da ban cika wa abokaina kunne a shagon gem na unguwarmu ba, cewa ranar da wannan wasa ya iso kowa zai ajiye ƙwallo. Ya iso. Na kai shi shago a cikin leda, ina tafe kamar mai kai lefe. Aka saka, muka jeru a benci mu kusan goma, janareta na ta ƙugi a waje. Mataki na farko lafiya lau. A na uku, daidai kan wata gada, sai hoto ya tsaya cak. Aka kashe aka kunna, ya sake tsayawa a kan gadar nan.

Na ce ƙura ce ta shiga na'urar. Aka goge. Na ce wutar janareta ce ba ta da ƙarfi. Da aka kawo wuta ya sake tsayawa, sai na ce ai su ne ba su iya bugawa ba, wasan ba na yara ba ne. Kafin mako ya zagayo na daina magana da wani abokina da muka taso tare, saboda ya ce an cuce ni. Kamfanin da ya yi wasan yana can wata nahiya, bai san da zamana a duniya ba, amma ga ni na zame masa lauya, ban karɓi ko sisi ba, hasali ma ni na biya.

Wannan faifai ne ya faɗo mini a rai a watan Disamba na 2020, lokacin da na ga miliyoyin mutane suna yin abin da na yi a kan benci, amma a gaban duniya.

Sai an san irin ƙaunar da ake yi wa kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Polan kafin a gane abin da ya biyo baya. A 2015 ya fitar da The Witcher 3, wasan da ya lashe kambun gwarzon shekara a wurare da dama, ya kuma bi shi da ƙananan ƙari guda 16 kyauta, a zamanin da wasu kamfanoni ke sayar maka da rigar ɗan wasa daban, takalminsa daban. A lokacin uwar kamfanin ce kuma ke da shagon GOG, inda ake sayar da wasa ba tare da makullin da ke hana ka kwafar abin da ka saya ba. Saboda haka 'yan gem suka ɗauke shi nasu, ɗan gida a cikin kasuwar 'yan kama-wuri-zauna. Ya sanar da Cyberpunk 2077 a 2012, ya nuna ɗan gajeren bidiyonsa a farkon 2013, sannan aka shiga jira. A watan Yuni na 2019 jarumin fim Keanu Reeves ya fito kan dandamali a bikin baje kolin E3 a Amurka, ya sanar da ranar fitowa, 16 ga Afrilu 2020, zaure ya kaure da ihu. Kafin wasan ya fito, mutum miliyan 8 sun riga sun biya kuɗinsa. Iyayenmu sun hana cinikin biri a sama, to wannan karon biri miliyan 8 aka saya yana kan reshe.

Ranar ta zo ba a fitar ba. Aka ɗaga zuwa Satumba, aka ɗaga zuwa Nuwamba, sannan a ƙarshen Oktoba aka sake ɗagawa zuwa 10 ga Disamba, alhali makonni kaɗan kafin nan kamfanin ya yi shelar cewa an kammala aiki. Ɗagawar ƙarshen nan ta sa wasu daga cikin masoya suka aika wa ma'aikatan kamfanin saƙonnin barazanar kisa, har wani babban ma'aikaci ya fito fili yana roƙon a tuna cewa su ma mutane ne. Su kuwa ma'aikatan, tun Satumba aka tilasta musu aikin kwana shida a mako, duk da cewa shugabanni sun taɓa alkawarin ba za a yi haka ba. Ɗan jaridar Bloomberg Jason Schreier ne ya fallasa wannan, shi ma ya sha nasa rabon zagin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar 7 ga Disamba, kwana uku kafin kowa ya taɓa wasan. Ranar ce aka yarda masu sharhi su wallafa ra'ayinsu. Kamfanin ya ba su na kwamfuta ne kawai, ya riƙe na PS4 da Xbox One, ya kuma hana su nuna bidiyon da suka ɗauka da kansu. Yawancinsu suka yaba. Amma Kallie Plagge ta GameSpot ta ba shi maki 7 cikin 10, ta kuma yi maganar tangarɗar da ta yi ta cin karo da ita. Bakwai fa, ba biyu ba. Aka yi mata ca, ana cewa ba ta iya wasa ba, ba ta fahimce shi ba, maganganun da na sani sarai domin na taɓa furta irinsu. Ita kuwa Liana Ruppert ta mujallar Game Informer, wadda ke fama da farfaɗiya, ta rubuta cewa wani wuri a cikin wasan mai walƙiyar fitilu ja da fari ya tayar mata da ciwon, ta kuma yi bayanin yadda masu irin lalurarta za su kiyaye. Ba ta ce kada a saya ba. Sakayyar da ta samu daga wasu ita ce bidiyoyi masu walƙiya da aka turo mata da gangan, an lulluɓe su da sunan saƙon fatan alheri. Kamfanin da kansa ya gode mata, ya saka gargaɗi, ya gyara wurin. Wato sarki ya karɓi gyara, fadawa ne suka zare takobi. Kuma ko ɗaya daga cikin masu zagin nan bai buga wasan na minti ɗaya ba, don bai fito ba tukuna.

Da ya fito, ranar wanka ta zo. A kwamfuta mai ƙarfi wasa ne mai kyan gaske, birnin Night City na ƙyalli, labarin na jan rai, kurakurai na nan amma ana iya haƙuri da su. A kan PS4 da Xbox One kuwa, waɗanda a lokacin su ne a hannun talakawan 'yan gem, abin ya zama abin dariya da kuka. Fuskoki na zuwa a narke sai bayan daƙiƙoƙi su haɗu, mutane na tsaye a titi hannuwa a shimfiɗe kamar mutum-mutumin gona, mota na nutsewa cikin kwalta, 'yan sanda na tsirowa a bayanka ko da kana saman bene kai kaɗai, sannan wasan ya mutu gaba ɗaya ya maido ka allon farko. Bayan kwana huɗu kamfanin ya nemi afuwa, ya ce mai son kuɗinsa ya nema. Mako guda da fitowa, Sony, mai PS4, ta cire wasan ɗungurungum daga shagonta na intanet, abin da ba a saba ganin ta yi wa babban wasa ba, kuma bai koma ba sai 21 ga Yuni 2021. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi warwas, masu zuba jari suka kai ƙara a Amurka, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 1.85.

Mai hankali zai ce to shi ke nan, lauyoyin da ba a ɗauka ba sun ajiye alƙalami. Ina! Sai ma aka sauya layin kariya. “Ni dai a nawa lafiya yake tafiya.” “Wa ya ce ka buga wasan 2020 a kan na'urar 2013?” Kamar ba kamfanin ne ya buga tambarin PS4 a jikin kwali ya karɓi dala 60 ba. “Ai kowane babban wasa haka yake fitowa, a jira faci.” Da kuma wadda ta fi kowacce daɗewa a duniya: masu suka 'yan hassada ne.

Me ke sa mutum ya yi haka? Bahaushe ya gama magana a taƙaice da ya ce so hana ganin laifi. Sai dai ina ganin a nan ba makanta ba ce. Ni na ga gadar nan tana tsayawa, da idona, sau ashirin. Matsalar ita ce abin da yarda za ta ci mini. Idan wasan banza ne, to tafiyar ƙasa ta wata huɗu banza ce, cika bakin da na yi banza ne, kuma yaron da na raina da cewa bai san gem ba ya fi ni sani. Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya yi littafi guda a 1957 a kan wannan ƙuncin da ke kama zuciya idan abin da ka yarda da shi ya yi karo da abin da ka gani. Ya nuna cewa mutum kan nemi hanyar da ta fi arha ya rabu da ƙuncin, kuma sau da yawa murɗa abin da aka gani ya fi arha a kan sauka daga abin da aka riga aka furta a bainar jama'a.

Kuɗi ma na da nasa aikin. A wani bincike da Hal Arkes da Catherine Blumer suka wallafa a 1985, an sayar da tikitin kallon wasan kwaikwayo na kaka guda a Jami'ar Ohio. Wasu masu saye sun biya dala 15 cif, wasu aka yi musu ragin dala 2, wasu ragin dala 7, ba tare da zaɓe ba, sa'a ce kawai. Kujeru iri ɗaya, wasanni iri ɗaya. A rabin farko na kakar, waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo. Kuɗin da ya riga ya tafi ne ke tura su fita daga gida. To ina ga wanda ya biya dala 60, ya ɗora shekara bakwai ko takwas na jira, wataƙila ya sayi sabuwar kwamfuta domin wasan, ya ɗauki hutun aiki a ranar fitowa, ya yi ta musu da baƙi a intanet? Wannan ba wasa yake karewa ba, kansa yake karewa. Shi ya sa maki 7 ya ji masa kamar mari. Ba a ce da shi komai ba, amma a kunnensa an ce shekarunsa bakwai maki 7 suka samu.

Mu nan ba baƙin wannan ba ne, ko da yake Night City ba ta cika zuwa shagunanmu ba. Namu fagen shi ne ƙwallo. Duk wanda ya zauna a shagon gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san ƙabilu biyu ne, 'yan PES da 'yan FIFA, kuma musunsu bai fi na 'yan Arsenal da 'yan Chelsea sanyi ba. Shekara da shekaru PES, wasan kamfanin Konami, ba shi da lasisin sunayen ƙungiyoyi da yawa, sai ka ga Manchester United ta koma Man Red, Chelsea ta koma London FC, Liverpool ta koma Merseyside Red. Ɗan FIFA ya yi dariya, ɗan PES ya ce kai suna kake bugawa, mu ƙwallo muke bugawa. Kuma a gaskiya yana da hujja, don a zamanin PES 6 motsin ƙwallonsa ya fi daɗi. Amma ranar 30 ga Satumba 2021 Konami ta binne sunan PES, ta fito da eFootball 2022 kyauta, bayan ta shafe shekara biyu tana gina shi a kan sabon inji. Ya zo da ƙungiyoyi tara kacal da za ka buga da abokinka, babu Master League, 'yan wasa na gudu hannuwa a baya, fuskar Messi ta zama abin tsoratar da yara. Cikin kwanaki ya zama wasan da ya fi kowanne mummunan maki a shagon Steam. Konami ta ba da haƙuri, ta ɗaga babbar sabuntawar da ta yi alkawari daga Nuwamba zuwa Afrilu 2022. Duk da haka a majalisu an samu masu cewa ai kyauta ne, me kuke so? A zuciyarsu ba Konami suke karewa ba. Tsoronsu kada ɗan FIFA da ke gefen benci ya ci musun da aka fara tun suna firamare.

Kada in yi wa lauyoyin nan rashin adalci. Wani lokaci da gaskiyarsu. Wasa na iya zama gurgu ya kuma zama abin so, kamar tsohuwar Vespa da sai an tura take tashi amma mai ita ba zai musanya ta da sabon babur ba. Wanda ya ce ya ji daɗin Cyberpunk a ranar farko ba lallai ƙarya yake yi ba. Sannan a ɗaya ɓangaren akwai wata ƙabilar da ita ma ba ta buga wasan ba, sana'arta kawai murna da faɗuwar wani, tana tara masu kallo da bidiyon kurakurai. Idan irin waɗannan suka cika wuri, mai son wasan kan ji an kewaye shi, sai ya ƙara ƙanƙame abinsa. Zagi bai taɓa sa wani ya sauka daga ra'ayi ba, sai dai ya ƙara masa siminti. Abokina da ya ce an cuce ni gaskiya ya faɗa, amma ya faɗe ta yana dariya a gaban mutum goma, don haka ya ƙara mini mako uku a kan gadar.

Inda na rabu da su shi ne a kan yadda ake ba da labarin yanzu. Cyberpunk ya gyaru, wannan ba musu. Faci ya bi faci, a Satumba 2022 shirin zanen Edgerunners, wanda aka gina a kan duniyar wasan, ya fito a Netflix ya dawo da jama'a, a Satumba 2023 aka sake fasalin wasan aka kuma ƙara masa Phantom Liberty tare da Idris Elba, a ƙarshen shekarar har ya karɓi kyautar wasan da aka fi ci gaba da kula da shi a bikin The Game Awards. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Sai ka ji tsofaffin lauyoyi na cewa, ba mun faɗa muku ba? Dama can mai kyau ne, haƙuri ne ba ku da shi. A nan ne nake cewa a dakata. Ba haƙurinsu ne ya gyara wasan ba. Da kowa ya ce a nawa lafiya yake tafiya, wane dalili kamfani ke da shi na kashe shekara uku da maƙudan kuɗi a kan abin da ya riga ya sayar? Abin da ya motsa shi shi ne masu neman kuɗinsu, da ƙofar da Sony ta rufe, da hannun jarin da ya zube, da sunan da ya ɓaci. A Janairu 2021 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Marcin Iwiński, ya fito a bidiyo ya ɗora laifin a kan shugabanni, ya roƙi kada a zargi ma'aikata. Mai kaya ya amsa laifi, lauya na can yana rantsuwa.

Akwai kuma waɗanda labarin farfaɗowar ya tsallake. Sabon fasalin 2023 da Phantom Liberty ba su zo kan PS4 da Xbox One ba sam. Wanda ya biya tun 2019 don ya buga a kan na'urar da yake da ita, wanda aka ce masa ya yi shiru ya jira faci, an ɗan lallaɓa masa nasa, amma wasan da ake yabo a yau sai ya sayi sabuwar na'ura zai gan shi. A ƙasashen da PS4 ɗin gwanjo ce har yanzu sarauniyar shago, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Idan ana neman masoyan da suka amfani abin da suke so, suna nan, sai dai ba su cika ihu ba. A 2004 aka fitar da Vampire: The Masquerade – Bloodlines a gaggauce, cike da kurakurai, kamfanin Troika da ya yi shi ya rufe bayan 'yan watanni. Babu wanda za a kare, babu wanda za a zaga. Sai masoya suka fara ɗinke shi da kansu, kuma wani masanin kimiyyar sinadarai a Jamus, Werner Spahl, ya riƙe wannan aiki kusan shekara ashirin, yana karɓar rahoton kuskure ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, har shagon GOG ya haɗa facin nasu a cikin wanda yake sayarwa. Ba za ka iya gyara kuskure dubu ba sai ka yarda akwai kuskure dubu. 'Yan PES ma, na kirkin, haka suka yi da London FC: suka zauna suka zana riguna da tambura, suka rarraba fayil, Chelsea ta dawo Chelsea. A Japan, da Final Fantasy XIV ya fito a 2010 ya kunyata Square Enix, kamfanin ya dakatar da karɓar kuɗin wata, ya sauya shugabannin aikin, ya ɗora Naoki Yoshida, shi kuma ya fara da tambayar waɗanda suka rage a cikin wasan abin da ke damunsu. Suka faɗa masa ba ɓoye-ɓoye. A Nuwamba 2012 aka kashe tsohuwar duniyar wasan, a Agusta 2013 aka buɗe sabuwa, kuma sunayen waɗanda suka jure suna biya a lokacin wahala na cikin jerin godiya a ƙarshensa.

Ko fushi ma yana da amfani idan ya san abin da yake nema. A Mayu 2024 Sony ta ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya buɗe asusun PlayStation, alhali ƙasashe da yankuna fiye da 170, ciki har da mafi yawan na Afirka, ba su da damar buɗe shi a hukumance. 'Yan wasan suka zuba munanan maki dubu ɗaruruwa a Steam, buƙatarsu ɗaya tak, a janye sharaɗin. Cikin kwana uku aka janye. Abin burgewar shi ne da yawansu sun koma sun mayar da makin nasu mai kyau, don ba rushe gidan suka zo yi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai mai faɗa ya nuna cewa ba rabon yake jira ba.

Wannan na koye shi tun kafin in ji sunan Festinger, a wurin mai shagonmu, wani magidanci mai gyaran rediyo da ya ƙara da na'urorin gem biyu don yaran unguwa. Yana jin duk musun da muke yi bai taɓa sa baki ba. Wata ranar Asabar da hantsi, shago babu kowa, na zo karɓar faifaina in tafi da shi gida. Sai ya ce, “Ɗan samari, zo ka nuna mini abin nan naka, ni ban taɓa gani daga farko ba.”

Na saka. Ya zauna yana kallo, yana goge wata rediyo da tsumma. Ya ce kiɗan ya yi masa daɗi. Ya tambaye ni labarin jarumin, na zage ina bayani, don wata huɗu nake jiran wanda zai tambaya. Da muka kusa gadar gabana ya fara faɗuwa. Hoto ya tsaya. Bai yi dariya ba, bai kalle ni ba. Ya ce, “Af, ashe nan ne yake yi. Kullum a nan?”

Na ce, “Kullum a nan, Baba.”

Shi ne karo na farko da na faɗa da bakina, kuma ban ji komai ya fita daga jikina ba. Ya ce in sake, amma in bi ta gefen hagu a hankali, kada in yi gudu. Ya tsaya. Ya ce in gwada kashe abokan gaba duka kafin in hau. Ya tsaya. Muka yi ta yi har azahar, yana rubuta abin da muka gwada a bayan kwalin sigari. A gwaji na goma sha wani abu muka gano cewa idan ka tsallake ɗan bidiyon da ke zuwa kafin gadar, yakan wuce sau ɗaya cikin uku. Ya yage kwalin ya manna a bango kusa da talabijin da salatif.

Da yamma yara suka taru, abokin nan nawa na cikinsu. Ya karanta takardar bango, ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “To ba ni hannu in gwada.” Sai a karo na huɗu ya haye. A mataki na biyar muka tarar da wata ƙofa da ba ta buɗuwa ko an kashe kowa, mai shago ya miƙo wani kwalin ya ce a fara rubutawa.